Cigiyar Yayan Munira

Duk unguwar Limawa ta Dutse an san Inna Lauratu da murya. Idan ta tsaya a tsakar gida ta ƙwala wa autarta Munira kira, har masu shago a bakin titi sai sun ji. Tana kiran sunan 'ya'yanta da na maƙwabta, har awakinta ma kowace da sunanta. Sunaye biyu ne kawai ba su taɓa fita daga bakinta ba: na mijinta Malam Abdulwahab, da na ɗanta na fari, Ubaidullahi.

Na miji ba abin magana ba ne, in ta ce "Malam" ya wadatar. Na ɗan fari kuwa kunya ce irin ta mutanen da, wadda ta taso da ita daga garinsu Miga. Haka ta ga uwarta ta yi, haka ita ma ta yi. Ana yaye yaron aka kai shi wurin kakarsa, can ya girma. In ya zo hutu Dutse sai ta zuba tuwo, ta zaɓi tsoka mafi girma ta binne a ƙarƙashin miya, ta miƙa wa wata cikin yara ta ce, "Kai wa wancan." Daga "wancan" ya koma "yaron nan." Da aka haifi Munira sai ya samu ƙarin girma, ya zama "Yayan Munira." Ya yi karatu, ya tafi Jamus, ya zama injiniyan ruwa, gemu ya cika masa fuska, amma a bakin Inna yana nan yadda yake.

To, sai ga shi ya aiko a kai masa iyayensa su ga inda yake zaune. Kuma ya yi alkawarin daga can zai ɗauke su zuwa ƙasar Andalus, don tun yana yaro in ya zo hutu yake jin Malam yana ba ɗalibansa labarin birnin Ƙurɗuba da masallacinsa, kamar wanda aka haifa a can. Malam ya rasa inda zai sa kansa don murna. Inna kuwa ta ce ita ba ruwanta da yawon duniya, amma washegari aka ga ta sa an dako kuka, an soya gyaɗa, an kirɓa dakuwa.

Suna zaune ita da Munira suna ƙulla kayan a leda, sai yarinyar ta ce, "Inna, kin san abin da Yaya ya ce min kwanaki?"

"Ina ruwana da hirarku."

"Cewa ya yi shi fa har yau bai san yadda sunansa yake a bakinki ba. Da dariya ya faɗa, amma wallahi Inna ba dariyar ba ce a ransa. Ya ce shi ya sa in ya zo gidan nan yake jin kansa kamar baƙo."

"Ke, rufe min baki! 'Ya'yan zamani ba ku da ta ido. Miƙo min zaren can."

Munira ta miƙa mata zaren. Amma maganar ta riga ta shiga. Baƙo? Yaron da in an ce ba shi da lafiya a Jamus ita take kasa cin abinci a Dutse? Ranta ya ɓaci, ba da shi ba, da kanta. Tana ɗaure bakin leda ta ƙudura a zuciyarta cewa kafin ta dawo daga wannan tafiya sai ta kira shi da sunansa, ko da sau ɗaya ne. Ba ta gaya wa kowa ba.

Tun a jirgi ta fara gwaji. Ta rufe baki da mayafi tana motsa leɓe, Malam ya ɗauka tasbihi take yi har ya yaba mata. Amma da suka sauka, ta hango shi tsaye cikin Turawa yana ɗaga hannu, ya taho da sauri ya durƙusa a gabansu, sai sunan ya maƙale. Ta kawar da kai gefe ta ce wa Malam, "Ka tambaye shi ko nan kusa akwai inda za mu yi alwala."

Ubaidullahi ya yi dariya ya ce, "Akwai, Inna. Sannunku da hanya." Ya karɓi jakarta ya yi gaba, ita kuma ta ba shi tazara ta bi bayansa, kamar yadda ta saba.

Gidan nasa ɗan ƙarami ne a saman bene, tsaf-tsaf, amma shiru kamar ba mutane a unguwar. Bai yi aure ba tukuna, wannan kuma wata magana ce ta daban da Inna ta bar wa Malam. Ta karɓe kicin daga ranar farko. Ta yi masa ɗanwake, ta yi tuwo miyar kuka, ya ci har yana gumi cikin sanyin nan. In ta gama sai ta ajiye kwanon a tebur ta ce wa bango, "Ga abinci nan, in da mai ci." Shi kuma ya amsa wa bangon, "An gode, Allah ya saka da alheri."

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yadda mutanen ƙasar suke kiransa. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta gamu da su a matakala ta washe baki ta ce, "Ubi!" Abokan aikinsa da suka zo gaishe su, su ma Ubi. Mai shagon burodi, Ubi.

Da suka kaɗaice ta ce wa Malam, "Wai su waɗannan mutane ba su da hankali ne? Suna mai kyau, an yanka masa rago guda, su bi su gutsure shi kamar rake?"

Malam kunnensa na hagu ya yi nauyi, sai da ta maimaita. Da ya ji sai ya ƙyalƙyale da dariya. "To ai su sun fi ki ƙoƙari, Lauratu. Su ko gutsuren suna faɗa."

Ta yi tsaki ta tashi ta ba shi wuri. Amma ta san gaskiya ya faɗa. Yaron nan yana zaune a ƙasar da babu mai faɗin sunansa cikakke, ga uwarsa ta zo ita ma ba ta faɗa ba.

Ranar tafiya Andalus ta zo. Suka hau jirgin sama, suka sauka a babban birnin ƙasar, daga nan kuma sai jirgin ƙasa zuwa Ƙurɗuba. Tashar jirgin ta fi kasuwar Shuwarin cika, ga hayaniya, ga lasifika tana ta magana ba ji ba gani. Lokaci ya ƙure musu, Ubaidullahi ya ɗauki jakunkuna duka har da ta hannun Inna, wadda wayarta ke ciki. Malam ya jera da shi yana ba shi tarihin sarakunan Andalus da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa sosai. Inna tana baya da tazararta.

Sai ga matakalar nan mai tafiya da kanta. Duk inda suka gamu da ita a baya lif suke nema, don Inna ta rantse ba za ta taka abin da ba ta ga mai jan sa ba. Yau kuwa sauri da tarihi sun sa mazan sun manta. Suka taka, abu ya kwashe su ya yi ƙasa da su. Inna ta ja ta tsaya a baki, ta miƙa ƙafa ta janye, ta sake miƙawa ta janye.

"Malam!" ta kira. Ina, kunnen hagun ne a wajenta.

"Kai! Kai yaro!"

Wani ɗan Bature da ke riƙe da hannun uwarsa ya waiwayo, amma injiniya mai gemu bai san da shi ake ba. Tana ganin ƙeyarsa tana nisa. Ta san sarai in ta ƙwala sunan nan da muryarta ta Limawa, ko a ƙarƙashin ƙasa yake sai ya juyo. Ta buɗe baki, ta cika ƙirji da iska, sai kunya ta shaƙe ta. Hular Malam ta nutse cikin mutane, shi ke nan.

Ta juya neman lif, ta samu, ta shiga tare da wasu. Maimakon ƙasa sai ya yi sama da ita. Ta fito wani wuri mai shagunan turare, ta bi dama, ta bi hagu, ko'ina iri ɗaya. Nan fa tsoro ya kama ta sosai. Ta sami wani benci ta zauna, ta rungume ledar dakuwa, wadda ita kaɗai ce ba ta yarda ta ba kowa riƙo ba, tana ta Innalillahi.

Ba a jima ba wata 'yar sanda ta tsaya a gabanta, fara mai kama da Larabawa. Ta yi mata Turancinsu, Inna ta girgiza kai. Ta sake wani, Inna ta girgiza kai. Sai matar ta dubi hijabin ta ce, "Assalamu alaikum."

Wayyo daɗi! Inna ta cafke hannunta ta amsa har da wa barakatuhu. Ashe iyayen matar 'yan Maroko ne. Inna ba ta yi makaranta mai nisa ba, amma wanda ya yi shekara da shekaru yana tuƙa tuwo a bayan zauren da ake fassara littattafai, ba zai rasa 'yan kalmomi ba. Da guntun Larabci da nuni da hannu ta fahimtar da ita cewa tana tare da mijinta da ɗanta, kuma ƙasa ta haɗiye su. 'Yar sandan ta kai ta wani ɗan ofis mai gilashi, ta nuna mata abin magana, ta nuna lasifika a sama. Sannan ta tambaye ta, a hankali yadda za ta gane: mene ne sunan ɗanki?

Inna ta gane tambayar tsaf. Ta dubi ƙasa.

Matar ta ɗauka ba ta ji ba, ta ce to mijin fa, mene ne sunansa?

Inna ta ƙara sunkuyar da kai. Ita dai yau ta ga ta kanta. Duk faɗin duniyar nan mutum biyu ne za su cece ta, kuma su ne biyun da ba ta iya ambata. Babu wanda ya san ta a wurin, babu 'yar Miga ko ɗaya da za ta ji ta kai labari, amma harshe ya ƙi. 'Yar sandan ta fara kallonta da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta rikice har ta manta sunan ɗanta. Wannan kallo ne ya ba Inna haushi. Ta gyara zama ta ce da ƙarfi, "Yayan Munira."

"Yayan... Munira?"

"Na'am. Yayan Munira. Dutse."

Matar ta maimaita har bakinta ya saba, sannan ta danna abin. Sai ga murya ta cika tashar nan gaba ɗaya, sama da ƙasa, ta yi yaren ƙasar mai tsawo, a tsakiya kuma ta ce, "Yayan Munira, Dutse. Yayan Munira, Dutse."

Ko minti nawa aka yi Inna ba ta sani ba, sai ga shi ya taho a guje da jakunkuna suna dukan ƙafafunsa, Malam na biye yana riƙe da hula. Ubaidullahi ya zube a gabanta yana haki, idonsa ya yi ja. "Inna! Inna, lafiya kike? Ki yafe ni, wallahi na ɗauka kina bayanmu."

"Lafiya lau," ta ce wa jakar da ke hannunsa. "Mutum ya yi ta sauri kamar ana korarsa."

Da hankali ya kwanta sai dariya ta zo. Malam ya yi ta yi har da riƙe ciki. Ya ce shi da kunnensa ɗaya ya ji an ambaci Dutse a ƙasar Andalus, ya ɗauka mafarki yake. Ubaidullahi ya bayyana wa 'yar sandan dalili, ta dafe ƙirji tana mamaki, ta rungume Inna. Inna ta kwance leda ta cika mata hannu da dakuwa. Jirginsu ya riga ya tafi, sai suka jira na gaba.

A cikin jirgin Ubaidullahi yana ta murmushi, can ya ce, "Amma Inna, ko a nan ma? Ai babu wanda ya san ki."

Da wasa ya faɗa. Sai dai da ya juya yana kallon gonakin zaitun ta taga, ta saci kallonsa ta ga murmushin ya tafi. Abin ya soke ta. Ta ɓata a ƙasar mutane, ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba, duk da haka ta kasa. Me zai hana shi cewa shi baƙo ne?

Ƙurɗuba kuwa ta biya Malam. Da ya shiga tsohon masallacin ya ga ginshiƙai jere-jere iya ganinsa, sai hawaye. An ce musu yanzu ba a salla a ciki, ya ce ba komai, idonsa dai ya gani. Ya bi bango yana karanta rubutun da ya saura, ya manta da kowa. Inna da ƙafa ta gaji ta fito harabar da ke cike da itatuwan lemo ta zauna a inuwa. Ubaidullahi ya biyo ta, don ya rantse ba zai ƙara barin ta a bayansa ba. Ya tsaya nesa kaɗan, yadda ya san tana so.

Ta dubi gefen da babu kowa ta ce, "Wurin zama dai ga shi nan."

Ya zauna kusa da ita. Tun da aka yaye shi ba su taɓa zama kafaɗa da kafaɗa haka ba. Ta buɗe ledar dakuwa ta ajiye a tsakaninsu, ya ɗauka, ita ma ta ɗauka. Ya ba ta labarin aikinsa, da sanyin farko da ya sha, da ranar sallar da ya yi shi kaɗai a ɗaki da shayi da burodi. Tana ji tana gyaɗa kai. Zuciyarta ta ce yanzu ne, Lauratu, in ba yanzu ba sai yaushe? Ta gyara murya.

"Uba..." ta fara. Ya juyo da sauri. Idonsu ya haɗu.

"Ubangiji Allah ya yi albarka," ta ƙarasa, ta kawar da kai.

"Amin, Inna," ya ce a hankali. Ya ɗauki wata dakuwar ya daɗe yana juya ta a hannu kafin ya ci.

Haka aka gama yawo, aka koma Jamus, ranar komawa gida ta zo. A filin jirgi ya durƙusa ya yi musu sallama. Malam ya dafa kansa ya yi addu'a mai tsawo. Inna ta ce a riƙa cin abinci, a riƙa rufe ƙirji. Da suka wuce inda masu rakiya ba sa shiga ta waiwaya, ta hango shi ta gilashi shi kaɗai, hannu a aljihu, mutane suna wucewa ta gefensa babu mai ce masa ko sannu. Ta yi kuka a jirgi, ta ce wa Malam sanyin na'ura ne ya shigar mata ido.

Washegarin isowarsu Dutse gidan ya cika maƙil da 'yan sannu da zuwa. Matan Limawa, dangi daga Yalwawa, har ƙannenta biyu daga Miga. An baza tabarmi a tsakar gida, ana rabon tsaraba. Malam kuwa tun da safe ya riga ya tona mata asiri a zaure, labarin ya shigo cikin gida kafin ta buɗe baki. Aminiyarta Hajiya Raihana tana ta tafa hannu.

"Lauratu, Allah ya bar mu da ke! Wai har a lasifikar Turawa? Yayan Munira, Dutse! Ai ke kin gama kunya, wallahi irinku sun ƙare."

Mata suka ɗauki shewa, ana ta yaba mata. Da can irin wannan yabo daɗi yake mata. Yau kuwa ji ta yi kamar ana yaba mata a kan abin da ta hana ɗanta.

Ana cikin haka wayar Munira ta yi ƙara. "Yaya ne, kiran bidiyo!" Ta ɗaga wayar tana zagayawa da ita, mata suna leƙawa suna gaishe shi, kowa na cewa Yayan Munira an gode, Yayan Munira Allah ya ƙara buɗi. Shi kuma yana amsawa daga ɗan kicin ɗinsa, shi kaɗai da kofin shayi.

"Munira, ki tambayar min Inna ya gajiyar hanya," ya ce, kamar yadda aka saba.

Inna ta miƙa hannu. "Ba ni nan."

Munira ta yi turus, don Inna ba ta taɓa karɓar wayarsa da hannunta ba. Ta miƙa mata. Inna ta riƙe wayar nesa da fuska yadda tsofaffi ke yi, ta dubi Hajiya Raihana, ta dubi ƙannenta na Miga, ta dubi duk waɗanda saboda idonsu ta yi shekaru tana haɗiye sunan nan. Sannan ta dubi ɗanta, ta saki muryarta ta Limawa.

"Ubaidullahi, mun iso lafiya."

Tsakar gida ta yi tsit. Wata ta saki ledar tsarabarta a ƙasa. A cikin wayar Ubaidullahi ya ajiye kofin, ya sa tafin hannu ya goge ido.

"Na'am, Inna," ya ce. "Na'am."

Sai ga murmushin nan nasa ya dawo, wannan karon har cikin ido. "Inna, layin nan fa ba shi da kyau. Ban ji sosai ba, ko za ki maimaita?"

"Ji min ɗan nema!" Inna ta ce, ta cusa wa Munira wayar, ta ja mayafi ta rufe fuska. Mata suka fashe da shewa, Hajiya Raihana tana salati tana dariya. Inna ta tashi ta nufi ɗaki da sauri, amma da ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Munira, ki ce wa Ubaidullahi ya sa rigar sanyi. Na ga wuyansa a buɗe."